Akwatin Taubashiyata Ya Je Makka, Ita Ba Ta Je Ba

Gaisuwa gare ka mai kula da wannan shafi, da ku masu karatu, manya da yara. Ku yi haƙuri da rubutuna, don lakwal ɗin da na yi, wato makarantar boko, ba ta kai ta kawo ba. An sa ni bayan girbi, kafin a yi shuka malamin ya zo har gida ya roƙi mahaifina ya dubi Allah ya dubi sauran yara ya mai da ni gona. Ɗan bokon da kuke gani daga baya na tsince shi, wani wajen karatun manya, wani a jikin buhuna da allunan bakin hanya. Yanzu gemu ya yi fari, haƙoran gaba sun yi sallama, kuma akwai maganar da ta daɗe tana ci na. Na ga gara in zube ta inda za ta amfani wani.

Lokacin da abin ya faru ni ɗan rakiyar albasa ne. Garinmu yana wajen Sabon Gida, ƙasar Madawa. In manoma sunka loda albasa a kamiyo, babbar motar kaya, ni ke hawa bisa kayan in raka su Yamai, wani zubin har bakin teku, in tsaya a sayar, in komo. Wannan yawon ya sa a gari ake ganina kamar wanda ya gama duniya ya naɗe tabarmarta. Wanda za a kai gidan likita a Tawa, ni ake nema. Wanda za shi birni neman takarda, ni ake nema. Ni kuwa baki ya samu wuri: abin da na sani in faɗa, wanda ban sani ba in fi faɗinsa da ƙarfi. Jirgin sama ma na sha ba da labarinsa a majalisa, yadda kujerunsa suke da irin abincin da ake rabawa ciki, alhali ban taɓa ko taɓa jikinsa ba. Iyakata da shi in munka kusa shiga Yamai, daga bisa albasa, in hango wutsiyarsa ta bayan katanga.

Ina da taubashiya, ɗiyar gwaggona, ta girme ni da 'yan shekaru. Ta yi aure can wajen Babankatami, mijinta ya rasu, ta zauna cikin 'ya'ya da jikoki. Wanda ya san wasan taubasai ya san babu gaisuwar arziki tsakaninmu. In na shiga gidanta sai ta ɗaga murya ta ce a ɓoye tukwane, ga bawanta mai cikin rumbu ya iso, warin albasa ma ya riga shi sallama. Ni kuwa in ce na zo duba ko baiwata ta share mani gida ne ko tana nan tana barcin asara. Tun muna ƙanana haka muke, kowa na cewa shi ne ubangijin ɗaya, kuma har iyayenmu sunka bar duniya babu wanda ya raba gardamar. Amma ranar da matata ta fari ta rasu, na kasa kai loma baki, ita ce ta taho tun daga garinsu ta zauna gabana da ƙwaryar fura tana zagina, wai in zan mutu in bari sai ta karɓi kuɗin shararta na taubasai, har na yi dariya da hawaye na sha. Irin wannan mutum ce a wurina.

Burinta a duniya guda ne, ta ga ɗakin Allah da idonta. Tun ba ta da ko alamar hanya ta sayi farin yadi ta naɗe ta ajiye ƙasan akwati, ta ce likkafaninta ne, kuma da hannunta za ta wanke shi da ruwan zamzam. Na sha yi mata tsiya a kai, ina cewa kafin ta je gara ta cinye shi. Sai Allah ya buɗa wa ɗanta da ke kasuwanci a Abijan, ya biya mata kujera ta hannun wani ajans mai kai alhazai. Shi aiki ya riƙe shi, sai ya kira ni ya ce kawu, babu wanda ya san Yamai kamarka, ga tsohuwa nan na damƙa maka, kada ka saki hannunta sai ta taka matakalar jirgi. Na ce ya kwantar da hankalinsa, filin jirgin nan kamar tsakar gidana yake. Har na ƙara da cewa masu tsaron ƙofar ma sun san ni.

An yi mata rakiya irin wadda ake yi wa mai tafiya Makka. Ta bi gida gida ta nemi gafara, mata sunka yi ta ba ta saƙon addu'a, wannan na neman haihuwa, waccan na neman ɗanta ya komo daga Libiya, kowa da abin da zai rataya mata. Munka shiga mota tare da sauran maniyyatan yankin. Kusa da ita wata dattijuwa ce daga Tabotaki, matar makiyaya, mai ƙarancin magana, in ta yi Hausa ta gaji sai ta koma Filatanci. Kafin mu wuce Ƙwanni sun zama kamar 'yan ɗaki ɗaya, suna raba goro, sun yi alkawarin ba mai sakin zanen ɗaya a wajen ɗawafi.

Ajans ɗin ya yi wa mutanensa masauki daf da filin jirgi, wani babban fili da anka kafa rumfuna, kowa ya shimfiɗa tabarmarsa. Ba zan yi ƙarya ba, wurin babu daɗi. Ga zafi, ga sauro, ga layin bayi, in jirgi zai tashi har ƙasa ke rawa ƙarƙashin mutum. Madugun ayarin, wani bawan Allah da muryarsa ta dushe don bayani, ya tara mu ya ce jirginsu shi ne na ƙarshe, in ya tashi babu wani sai baɗi. Ya ce shi kansa bai san ranar ba, ana iya kira da safe, ana iya kira da rana, saboda haka kowa ya zauna inda murya za ta same shi, mai dangi cikin gari ya bar gaisuwa sai an komo. A ranar anka karɓi akwatunan maniyyata anka auna, anka liƙa wa kowane takarda, anka shige da su ciki. Da yake taubashiyata ba ta da waya, lambata madugun ya karɓa.

To a nan shaiɗanina ya tashi zaune. Mu 'yan albasa kowa yana da mai masaukinsa a birni, dillalin da kake sauka gidansa, ya ba ka ɗaki da tuwo, ya sayar maka da kaya. A al'adarmu in ka shiga gari ka kwana wani wuri ba gidansa ba, kamar ka ce ka tsinke igiya ne, kuma maganar sai ta riga ka isa kasuwa. Nawa mutumin Adar ne da ya daɗe a Yamai, gidansa yana can hayin gulbi, sai ka ratsa gari kaf ka haye gada kafin ka kai. Wannan shi ne dalilin da na riƙa faɗi. Wanda ban faɗi ba, ina so abokaina dillalai su ga yau ba albasa na rako ba, Hajiya na rako. Kuma uwargidan mai masaukina tana dafa wata shinkafa da kifin gulbi da in na tuna ta ko a bisa kamiyo nake sai yawu ya tsinke mani. Na dubi garin rogon da ake jiƙawa ƙarƙashin rumfunan nan, na dubi cikina, cikina ya ci gardama.

Da na kawo mata maganar ta ce a'a. Ta ce in bar ta nan inda take ganin wutsiyar jirgi, sauron da bai kashe ta a Babankatami ba ba zai kashe ta a Yamai ba. Da wani ne da ya yi shiru. Ni sai na ɗauko makamin da na san ba ta iya kauce masa. Gaban mata na shiga yi mata tsiya, na ce baƙauya ce, tsoron fitilun birni take, tana jin in ta ga gada za ta ce a sauke ta ta bi ta ruwa da ƙafa. Na ce wadda ta kasa ƙetare gulbi ina za ta iya ƙetare teku. Mata sunka yi dariya. A wasan taubasai ba a barin bashin magana, sai ta miƙe ta naɗe tabarmarta ta ce in wuce gaba, yau za ta ga gidan da ake kiwon bawanta har ya yi wannan tumbin. Dattijuwar Tabotaki ce kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta riƙe mata gefen zane ta ce ita dai da za ta ji tata, da ta zauna, garken da ake shirin kora ba a nisa da shi. Na ce kada ta damu, da an kira kafin ta ɗaura kallabi mun iso.

Gidan mai masaukina an karɓe ta kamar uwa. Anka ba ta ɗaki mai iska, yara na rige-rigen zuba mata ruwan alwala, tun ba ta je ba kowa Hajiya yake ce mata. Kwanakin farko kullum sai ta tasa ni gaba mun je filin jirgi, mu tarar ana nan jiya i yau, a ce mana sai gobe, mu komo. Kowane sai gobe ƙara mani girman kai yake. Na riƙa ce mata ta gani ko, da tana can sauro na shan jininta a banza. Kuma ina da wani lissafi a kaina da nake ganin babu malamin da zai rushe shi. A tasharmu in ka ɗora buhunka bisa mota, ko ka ajiye hula ko buta bisa kujera, ka kama wuri ke nan. Kana iya shiga kasuwa, ka yi aski, ka ci tuwo. Direba zai yi ta faɗa, kamasho ya bi ka har rumfar mai shayi yana zaginka, amma mota ba ta tashi ta bar mai kaya. Ƙarshenta a yi maka tsiya, ka miƙa goro, a wuce. Tun da na ga an shige da akwatinta ciki, sai na ce ai magana ta ƙare, wurinta a kame yake. Na faɗa mata haka ba sau ɗaya ba, da muryar wanda ya sani.

Ranar da abin zai faru, mai masaukina ya yanka akuya don girmama ta, ya gayyato maƙwabta da abokan kasuwa. Ita kuwa kamar yadda ta saba, tun da ta yi sallar asuba ta yi wanka ta sa tufafin ayarinsu, ta rataya 'yar jakar paspo a wuya, ta zauna bakin ƙofar ɗaki da butarta da carbi. Da hantsi ina zaune ƙarƙashin bishiya cikin dillalai, ina ba su labarin yadda nake shiga da fita filin jirgi, sai waya ta yi ƙara. Madugu ne. Ya ce jirgi ya sauka, an fara kiran mutane, in kawo tsohuwa yanzu yanzu. Na dubi wajen murhu, nama bai daɗe da hawa wuta ba, ƙamshin ya fara zagaya gida. Sai na ji bakina ya ce masa ga mu nan bisa hanya. Na mai da waya aljihu. Ta ɗago kai daga inda take ta tambaye ni wa ya kira. Na ce mutanen albasa ne. Ta dube ni ɗan lokaci, ta ci gaba da jan carbinta.

Na sha gaya wa kaina cewa kunyar mai gida ce ta riƙe ni, wai ba a tashi a bar yankan da anka yi dominka. Ƙarya ce. Da na buɗe baki na faɗa masa, shi ne zai fara kora mu waje, kuma daga baya da ya ji haka ya ce, har ya yi kwanaki ba ya amsa gaisuwata. Waya ta sake ƙara ana zuba abinci, na danne ta cikin aljihu da hannun hagu, na dama yana cikin tire. Sai da na ci na siɗe, anka yi azahar, anka yi addu'a, sannan na miƙe ina sakace na ce bari mu leƙa filin jirgi mu ga ko da labari. Mun sha wuya kafin mu samu taksi. Da munka hau gada sai ga wata babbar mota ta mutu a tsakiya, motoci sun cushe gaba da baya, ba shiga ba fita. Na kira madugu, waya ba ta shiga. Ina ta yi wa direba faɗa kamar shi ya ajiye motar, ita kuwa idonta na kan ruwa, leɓenta na motsi.

Da munka isa masaukin alhazai, rumfunan nan da ke cike da mutane babu kowa sai masu shara da ledoji. Na ja hannunta munka nufi ƙofar shiga. Sojan da ke tsaro ya dubi takardunta ya ce an rufe tun ɗazu. Ni kuwa sai na shiga yi masa irin ta tasha. Na ce kayanta na ciki, ai ba a tafiya a bar mai kaya. Na ce a kira mani direban mu yi magana, mutum ne shi ma, yana da uwa. Har goro na ciro na miƙa masa. Ya fara dariya, sai idonsa ya faɗa kan tsohuwa tsaye da jakar paspo a wuya da buta a hannu, dariyar ta tsaya. Ya ce baba, ka yi haƙuri, nan ba haka ake yi ba. Muna tsaye ƙasa ta ɗauki rawa, wani jirgi ya taso ta bayan ginin ya yi sama. Ta tambaye ni ko shi ne. Ko a nan ban daina ba, na ce mai yiwuwa wani ne, jirage da yawa suke. Ta ce a'a, shi ne. Ta bi shi da ido har ya zama kamar tsuntsu, har ya ɓace, sannan ta nemi gefen katanga ta zauna ta ajiye butarta. Ba ta yi kuka ba. Da ta yi, da na fi samun sauƙi.

Na yi ta zarya ofishin ajans, sunka ce babu abin yi bana, amma za su duba mata baɗi. Munka kamo hanyar gida. Tun daga Yamai har Madawa ina shirya ƙaryar da zan yi, na tsai da cewa jirgi ne ya tashi kafin lokacinsa, mutanen birni ba su da amana. Ku tuna mace ce da ta bi gida gida ta yi bankwana, ga ta ta komo ana shirin Babbar Salla da tufafin ayari a jiki. Gidanta ya cika, kowa na tambaya. Na gyara murya zan fara, sai ta riga ni. Ta ce jiri ne ya kwashe ta ranar tafiya, kafin ta farfaɗo an rufe ƙofa, kuma wanda Allah bai kira ba ko a bakin jirgi yake kwana ba shi zuwa. Ta ce ni kuwa na yi iyakar ƙoƙarina, a gode mani. Anka yi ta sa mani albarka. Ɗanta ya kira daga Abijan yana ba ni haƙuri kan wahalar da na sha. Na karɓi godiyar nan duka, ban mayar da ko ɗaya ba.

Hukuncina daga baya ya zo, kuma ba irin wanda na zata ba. Da na koma gaishe ta, na shiga da tsiyata kamar kullum, na ce ina baiwar gidan nan. Sai ta gyara lulluɓi ta ce sannu da zuwa Malam, ina gajiya, ina iyali. Ta sa anka shimfiɗa mani tabarmar baƙi, anka kawo mani fura a kwanon baƙi. Na ja ta ta nan, na ja ta ta can, ba ta kama ba. Watan shara ya zo ya wuce ba ta aiko karɓar komai ba, ita da ke tare ni a hanya ta kama mani riga. Wanda ba shi da taubashi ba zai gane ba, amma wallahi da ta tara gari ta tsine mani da ya fi mani wannan ladabin. Bayan alhazai sun komo, sai ga dattijuwar Tabotaki ta zo har gida da akwatin. Ashe shi ya tafi. Ta gane shi cikin kayan ayari, ta riƙe shi wurinta, ta buɗe ta ciro farin yadin ta wanke shi da zamzam, ta shanya, ta naɗe, ta mayar. Matan gida sunka riƙa ce wa akwatin Hajiya suna dariya. Mai shi ba ta hana su ba, ba ta kuma taya su ba.

Baɗin da anka yi mana alkawari bai same ta da ƙafafunta ba. Kafin lokacin ya zagayo tansiyo, wato hawan jini, ya buge ta, ɓarin jikinta ya shanye, likita ya ce ko Tawa ba a kai ta sai dole, balle Makka. Ta daɗe kwance. Ina zuwa ina gaishe ta, tana amsa mani da Malam. Wata rana da la'asar ta aiko a kira ni. Na tarar an jingina ta da bango, akwatin yana gefenta. Ban san lokacin da na durƙusa ba. Na ce mata babu wani mutumin albasa da ya kira ni ranar nan, madugu ne, kuma nama ne ya zaunar da ni. Ta daɗe tana dubana da idon nan guda da ya rage mata da ƙarfi, sannan ta ce ai ta sani tun a lokacin, kunnenta ba a akwati yake ba, ta ji ina cewa ga mu nan bisa hanya alhali gindina na bisa tabarma. Na ce to me ya hana ta tashi ta tasa ni gaba. Ta ce ta ji nauyin ta ƙaryata ni gaban abokaina, kuma ta ce a ranta ai na fi ta sanin birni, tun da na ce kaya na kama wuri, to yana kamawa.

Sai ta ɗora hannunta mai lafiya bisa akwatin, bakinta da ya karkace ya yi wani abu kamar murmushi, ta kira ni da sunan da na yi shekaru ina jira. Ta ce kai bawa, ashe wani zubin kana gaskiya. Ga kayana sun je sun komo, sun kama mani wuri cikin motar da ba ta barin kowa. Wannan tafiyar ko kai ne ɗan rakiya ba ni makara. Ta ce abu guda take roƙona, ranar da za a kai ta kada in tsaya cin nama. Na yi dariya, na yi kuka, ta ce in tashi in ba ta wuri, warin albasa na hana ta numfashi. Ba ta daɗe ba bayan wannan. Da farin yadin nan anka suturta ta, kuma ni na fara isa maƙabarta, na karɓi magirbin haƙa kabari hannun samari. Bayan an share makoki na ja ɗanta gefe na faɗa masa komai. Ya sunkuyar da kai ya ce kawu, ta hana ni in tambaye ka, ni ma ba zan tambaye ka ba. Daga baya ya je ya yi mata aikin hajji, Allah ya karɓa. Amma ɗakin da ta so gani da idonta ba ta gan shi ba, kuma na san hannun da ya rufe mata ƙofar, har yanzu da shi nake cin tuwo.

Abin da ya sa na rubuto, ina ganin irina da yawa duk shekara, 'yan rakiya masu baki, kowa na cewa ya san gari. In an damƙa maka mai tafiya, ka sauke shi inda yake ganin wutsiyar jirgi, ko bisa tsakuwa zai kwana. Ɗaki mai iska da tuwon dangi suna nan ba inda za su, mai masaukin kirki kuma ba ya fushi don ka tsare amana, in ya yi ma ana ba shi haƙuri. Jirgi ba motar kasuwa ba ne, bai san hula ba, bai san buta ba, bai san goro ba. In ba ka san abu ba ka ce ba ka sani ba, gemunka ba zai zube ba, musamman gaban wanda zai ji kunyar ƙaryata ka. Ku kuma iyayenmu mata, in ranku bai kwanta ba ku yi magana, kunyar wani kada ta ci maku burin rayuwa. Ga kuma kalmar nan da muka mayar ruwan sha, ga mu nan bisa hanya. Ni na faɗe ta sau ɗaya inda ba a faɗinta. Yanzu in an ce mani a haɗu da hantsi, tun rana ba ta fito ba ake tarar da ni zaune, har yara na dariya wai tsufa ya sa ni gaggawa. Ba gaggawa ba ce. Jirgin da nake bi ya riga ya tashi. Wanda ya karanta ya yi wa taubashiyata addu'a, ni kuwa in da saura a sammani.